Wutsiyar Ragon Baba

Mahaifina dillalin tumaki ne, kuma duk kasuwar garinmu an san shi da cewa ba ya sayen dabba da ido. Sai ya dafa. Zai ɗora hannu a dokin wuyanta, ya bi gadon baya a hankali, ya matsa haƙarƙari, ya gangara har ƙarshen wutsiya, sannan ya buɗe baki ya yi magana. Shi ya sa da idonsa ya fara mutuwa bai damu ƙwarai ba, ya ce da ma can ido ɗan rakiya ne. Abin da ya kayar da shi ƙoda ce. Ita ta sa muka ɗauko shi muka kawo shi Amurka wurina a garin Fort Washington don a riƙa yi masa wankin ƙoda, kuma tun ranar da likita ya gama bayani na san ba zai koma gida ba. Aikin jinya nake yi, irin wannan bayanin ba sai an fassara mini ba.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, wannan kuwa ya ba ni bakin da sauran 'yan'uwana ba su da shi a gabansa. Na kuma mori abina. Mutane suna cewa ina da faɗa. Ni dai na san magana ba ta kwana a cikina, in ta zo sai ta fita.

Baba ya jure komai. Ya jure sanyi, ya jure tuwon da ba na dawa ba, ya jure gidan da za a wuni ba wanda ya yi sallama a ƙofa, ya jure jikokin da zai yi wa Hausa su amsa masa da Turanci. Abu ɗaya ne bai shirya haƙura da shi ba. Tun shekarar da ya yi aure bai taɓa fashin yanka ragon layya da hannunsa ba, kuma ragon ma shi yake turke abinsa a ƙofar gida ya yi ta ba shi dusa da harawa. A shekarun nan Babbar Sallah a tsakiyar hunturu take faɗowa. Da ta matso, wata safiya ina ba shi magani sai ya ce, "Uwata, ina ragon?"

Na yi masa bayanin yadda muke yi. Akwai wani shagon nama a garin Clinton, mutum ya ba da saƙo, ranar Sallah ya je ya karɓo namansa a cikin kula. Ya jujjuya ƙwayar maganin a tafin hannu.

"To wa ya ga ragon?"

"Baba, mai shagon amintacce ne."

"Ban ce ba amintacce ba ne. Wa ya dafa shi?"

Maigidana injiniya ne, mai sanyin hali, kuma yana da kunyar suruki irin ta mutanen da. A gaban Baba ko tari ba ya yi da ƙarfi. Shi ya shiga tambaya a masallacin Sterling, kusa da wurin aikinsa, har wani direba ɗan Nijar ya kwatanta masa wani ƙaramin gari can cikin duwatsun yamma, inda kasuwar dabbobi take ci ranar Asabar. Ya ce mutum zai iya saye ya bari a gonar mai shi, ranar Sallah ya koma ya yanka.

Muka kama hanya da sassafe. Mun tsallaka kogin Potomac, mun wuce Sterling da jiragen saman da suke ta sauka kamar za su goge rufin mota, sai gine-gine suka fara raguwa, gonaki suka karɓa, sannan ƙasa ta fara tashi. Ni 'yar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, a garinmu in ka hau jigawa kana hango kasuwa da maƙabarta gaba ɗaya. Nan kuwa dutse bayan dutse, ka sha wannan kwana ka tarar da wata tana jiranka. Kunnuwana suka toshe. Baba yana kujerar gaba cikin babbar riga da suwaita biyu da bargo.

"Hawa muke yi ko?" in ji shi.

Maigida ya ce, "Hawa muke yi, Baba."

"To, Allah Ya sa akwai sauka."

Da yake ni ce idonsa, duk abin da muka wuce sai na faɗa masa, kuma haka na haddace garin nan fiye da unguwar da nake zaune. Yana kwance a cikin kwari kamar tuwo a ƙasan akushi. Duwatsu sun kewaye shi ta ko'ina, har rana ba ta leƙowa sai hantsi ya ɗaga, kuma tun la'asar ba ta yi nisa ba ta faɗa bayan dutse. Titi guda ne, yana bin gefen wani rafi mai gudu da ko sanyin nan bai iya daskarar da shi ba. Gidajen katako ne, rufinsu ya yi tsini don kada dusar ƙanƙara ta samu wurin zama. Akwai farin coci da maƙabarta a tudun bayansa, akwai tsohon gidan niƙa a bakin rafi, sai tashar jirgin ƙasa da jirgi ya daina zuwa, aka mai da ita rumfar kasuwa. A ciki mata suna sayar da cuku dunƙule-dunƙule, da zuma, da tuffa, da safar ulu, da wani ruwan zaƙi da suke tatsa daga jikin itace. Da muka shiga, kowa ya tsaya kallon babbar rigar Baba. Kallon bai daɗe ba suka fara gaishe mu, shi kuma yana ɗaga musu hannu kamar ya san iyayensu.

Cinikin dabbobi a bayan tashar ake yi, kuma gwanjo ne. Ana koro dabba cikin wani ɗan fili, wani mutum da lasifika yana zuba magana ba ya ko haɗiyar yawu, kafin ka ce kwabo an sayar an koro wata. Baba ya saurara ya saurara, sannan ya ce, "Wannan ciniki yake ko faɗa? Ba taya, ba albarka, ba sallama?" Ya ce mu kai shi inda dabbobin suke a ɗaure.

Maigida ya riƙe masa wani ƙaton rago. Baba ya cire safar hannu, ya dafa wuya, fuskarsa ta saki. Wallahi rabon da in ga wannan fuskar tun yana gida. Ya bi gadon baya, ya matsa haƙarƙari, ya ce, "Ma sha Allahu." Hannu ya zo ƙugu, ya gangara, sai ya tsaya cak.

"Uwata, ina sauran?"

Na leƙa. Wani ɗan dungu ne, bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Aka kama masa na biyu, haka. Na uku, haka. Muka bi garken nan kaf, babu mai wutsiya ko guda, kuma ni duk shekarun da na yi a ƙasar ban taɓa lura ba.

Na ce, "Baba, ƙasar nan haka tumakinsu suke. Lalura ce. Malamai da yawa sun ce ya halatta."

Ya ce, "Ban yi musu da malamanku ba. Naku ya yi, in Allah Ya yarda. Ni dai abin da aka karantar da ni, dabbar da aka yanke wa fiye da sulusin wutsiya ba ta yin layya. Abin da zan kai gaban Ubangiji ne, ba zan kai gutsurarre ba."

Nan fa raina ya ɓaci. Jiya-jiya aka yi masa wankin ƙoda, leɓensa har ya fara canza launi don sanyi. Na ce, "Wato duk hawan nan da muka yi, saboda wutsiya za mu koma hannu rabbana? Wutsiya fa, Baba, wadda ko a miya ba a rububinta!" Maigida ya juya yana karanta wani allo da ke jikin bango kamar za a yi masa jarrabawa a kai.

Ashe akwai mai kallonmu. Wani dogon tsoho ne da hular ulu, ya jingina da shinge, kuma tumakin nasa ne. Ya matso ya tambaye ni me dattijon yake nema. Ya ce shi tun yana yaro yake cikin tumaki, in ya ga hannun da ya san dabba yana ganewa. Na yi masa bayani, ina jin nauyi. Bai yi dariya ba. Ya ce su ma ba don ado suke yankewa ba. Tumakinsu masu ulu ne, kashi yana maƙalewa a wutsiya, in zafi ya zo ƙuda ya yi ƙwai a wurin, tsutsa ta shiga cin dabba da ranta. Shi ya sa ake cirewa tun ɗan rago yana jariri.

Na mayar wa Baba. Ya sa aka sake kamo masa ɗaya, ya cusa yatsu cikin ulun har suka ɓace.

"Yana da gaskiya," in ji shi. "Namu gashi ne da su, ba wannan katifar ba. Ce masa yana da gaskiya, ba mugunta ba ce. Amma ni ba zan iya ba."

Tsohon ya ce maƙwabcinsa yana da awaki, su ba a taɓa musu wutsiya. Baba ya mayar da safar hannunsa. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana tsokanar masu layya da akuya, yana ce musu sun yi Sallar marayu. Can ya ce, "Da babu gara ba daɗi." Ranar Sallah bayan an sauko Idi muka sake hawa dutsen nan, ya yanka taure a bayan babban rumbun katakon da tsohon yake ajiye tumakinsa. Layya ta yi. Amma da muka dawo gida na soya hanta na kai masa, ya ɗan taɓa ya ture kwanon. Abin ya yi mini ciwo, har yau in na tuna yana yi mini.

Sai dai a ranar, kafin mu shiga mota, tsohon ya tsayar da mu. Ya ce tumakinsa suna fara haihuwa a ƙarshen hunturu. In dattijo yana so, zai bar masa guda da wutsiyarsa. Baba ya yi lissafi da yatsu, don Sallah kullum matsowa take yi, ya ce zuwa lokacin ragon ya isa yanka. Sannan ya ce, "In da rai." Na tsaya ina tunanin ko in haɗiye wannan, sai na faɗa wa tsohon yadda take. Ya gyaɗa kai ya ce a shekarunsu ai komai da wannan sharaɗin ake yin sa. Baba ya laluba aljihu ya miƙa masa goro. Tsohon ya gatsa, ya runtse ido, ya tauna dai don kara, matarsa tana bakin ƙofa tana dariya har da riƙe ciki.

Da sanyi ya fara sauƙi tsohon ya yi mana waya. Muka tarar garin ya canza kaya. Ƙanƙara tana narkewa, rafin ya cika yana ruri, an rataya bokitai a jikin itatuwa ana tarar ruwan zaƙin nan, ko'ina taɓo. A cikin rumbu ya ware 'yan raguna uku da bai taɓa ba. Baba ya zauna a kan damin ciyawa aka riƙa ɗora masa su a cinya. Ya zaɓi na tsakiya, mai baƙin tabo a hanci, ya ce ƙashinsa ya fi kauri. Ya kama 'yar wutsiyar yana ja a hankali yana dariya shi kaɗai.

Ranar ce matar tsohon ta shigar da mu kicin, ta kawo shayi da burodi da cukun da ta yi da hannunta, shi kuma ya ba mu labarin garin, ina fassarawa. Ya ce kakannin kakanninsu daga manyan duwatsun Suwizalan suka taso, talauci ya koro su. Sun sauka a bakin teku, sun wuce ƙasa mai kyau shimfiɗaɗɗiya wadda ko sanda ka dasa za ta tsiro, ba su tsaya ba. Suka yi ta hawa har suka iske wannan kwarin mai duwatsu da sanyi, suka ce nan ya yi kama da gida. Su suka zo da ƙararrawar wuyan dabba, da yin cuku, da irin rufin nan. Daga baya masu yankan katako suka zo da layin dogo, gari ya cika har da otal da gidan rawa. Da itatuwa suka ƙare, jirgi ya kwashe mutanensa ya tafi, aka bar masu tumaki da tumakinsu. Ya ce in mun fita mu duba bangon gidan niƙa, akwai zane inda ruwa ya kai shekarar da rafi ya yi ambaliya, ya wuce tsayin mutum. Yanzu kuma samari duk sun gangara birni, nasa 'ya'yan ma suna wajen Washington, ƙila mun sha wuce juna a hanya.

Baba ya ajiye kofi. "Ashe su ma baƙi ne," in ji shi. "Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Tambaye shi, waɗanda suka fara zuwa, sun koma?"

Na tambaya. Tsohon ya nuna taga da haɓa, wajen tudun bayan coci. Ya ce suna can duka.

Na faɗa wa Baba. Ya nemi a ƙara masa shayi.

Daga nan zuwa garin ya zama mana al'ada. Duk Asabar da jikinsa ya yarda, sai ya ce a kai shi ya gaida ragonsa. Ni kuwa ina mita ina shirya kaya. Da bazara ta yi, aka kora garken can saman dutse inda ciyawa take, tsohon ya ɗauke mu a akori-kurarsa muka hau. Daga can garin ya zama ɗan mitsitsi, rafin kamar zare, ba abin da kake ji sai iska da ƙararrawa. Baba ya sa na sayo masa kanwa a shagon 'yan Afirka, ya ce rago ba ya ƙiba ba kanwa. Tsohon ya jujjuya ta, ya sansana, ya ɗan lasa, ya ce shi gishiri yake ba su. Ragon ne ya raba gardama, ya lashe ta tas ya biyo hannun Baba yana neman ƙari.

A nan na gane wahalar da muka ɗora wa bawan Allahn nan. Saboda rago guda, sai ya riƙa hawa dutse da almakashi yana aske gewayen wutsiyar, yana wankewa, yana duba ko ƙuda ya yi ɓarna. A kasuwa kuma abokansa sun samu abin tsokana, suna cewa tsufa ya kama shi har ya manta da guda. Matarsa ce ta tsegunta mini. Da na yi masa godiya sai ya kawar da zancen, ya ce kakansa ma ya taɓa faɗa masa a can tsohuwar ƙasarsu ba kowa yake yankewa ba.

Akwai wani benci a gaban tashar. In mun zo ranar kasuwa, su biyun sai su zauna a kai, ni in tafi sayen cuku da tuffa. In dawo in tarar Baba yana ta zuba Hausa, tsohon yana amsawa da Turanci, kowa yana gyaɗa kai. Na taɓa tambayar Baba me suke cewa. Ya ce, "Ina ruwanki? Zancen manya ne."

Da kaka, ranar da ake sauko da garkuna daga dutse, gari gaba ɗaya yake fitowa. Ana ɗaura wa tunkiyar gaba furanni, ana kaɗa wani dogon ƙaho na katako, mata suna raba burodi a bakin titi. Baba ya tsaya riƙe da kafaɗata yana jin ƙararrawa tana matsowa. Tumaki suka cika titin kamar an zazzage auduga. Na ce, "Ga shi nan, Baba! Shi kaɗai ne mai jela, yana ta kaɗa ta, kowa shi yake nunawa." Ya ce, "Ai dole, shi ne cikakke." Wannan ce fitarsa ta ƙarshe da ƙafafunsa. Bayan ta ya kwanta asibiti, da aka sallamo shi kuma sai a keken guragu.

Sallah ta zo a ƙarshen shekara, da dusar ƙanƙara mai yawa. Na duba Baba, na duba hanya, na ce ba inda za shi. Na faɗa masa ƙiri-ƙiri. Na ce maigida zai je ya yanka a madadinsa, ai wakilci ya halatta.

Ya ce, "Ya halatta, na sani."

"To shi ke nan."

"Shi ke nan," in ji shi, ya juya fuska wajen bango.

Da ma ya yi mini faɗa, da na ji daɗi, don faɗa na iya. Wannan shirun ne ban san yadda zan yi da shi ba. Na fita ina buga kwanuka a kicin. Sai ga maigida ya biyo ni, mutumin da tunda Baba ya zo bai taɓa sa baki a tsakaninmu ba. Ya ce, "Ke tsoronki kada ya mutu a hanya. Kin tambaye shi nasa tsoron?" Na ce ya fita mini daga kicin. Ya fita. Na zauna a kan kujera na yi kuka mai isata, don gaskiya tsoro nake ji, tsoro ƙwarai, kuma na san in na hana shi babu wata Sallar da zan ce masa ya bari sai ita. Da na share fuska na kira likitansa. Ya ce ba zai ce mini babu haɗari ba, amma zaman ɗakin ma ba zai ƙara masa komai ba. Na koma na ce, "Baba, za mu je, amma abin da na ce shi za a yi. Bargo uku, kuma ba cire hula." Ya ce, "To, Uwata." Sai ka ce ba shi ba.

Bayan Idi muka hau. A hanya carbi kawai Baba yake ja, ni kuma daga baya hannuna yana kan wuyan hannunsa ina jin bugun jini. Garin ya yi fari fat, titi ba kowa, hayaƙi yana tashi daga kowane rufi. Da muka karya kwanar gonar sai muka ga an share hanyar da tarakta tun daga bakin titi har ƙofar rumbu. A ciki an shimfiɗa sabuwar ciyawa, an kunna hita. Tsohon yana tsaye da rigar da yake zuwa coci da ita, matarsa tana gefe da butar shayi.

Ya jawo ragon. Ya zama ƙato, ƙahonsa ya fara lanƙwasa, baƙin tabon yana nan a hanci. Maigida ya tura keken har gabansa. Baba ya cire safar hannu, ban hana shi ba. Ya dafa wuya. Ya bi gadon baya a hankali, ya matsa haƙarƙari kamar yadda ya saba. Ya zo ƙugu. Ya gangara, ya ci gaba da gangarawa, har ya kai ƙarshe ya riƙe tsinin wutsiyar a tafinsa.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Wannan rago ne."

Maigida da tsohon suka kayar da shi, suka fuskantar da shi alƙibla, don tun bara tsohon ya riƙe inda take. Muka sauko da Baba ya durƙusa a kan ciyawa. Ya karɓi wuƙa, ya gwada kaifinta da babban yatsa, amma hannun ya ƙi tsayawa. Ya ce, "Uwata, riƙe mini gwiwar hannu. Riƙewa kawai, kada ki tura." Na riƙe. Ya yi bisimilla ya yi kabbara da muryar da na sani tun ina yarinya, ya yanka. Da na ɗago, tsohon ya cire hularsa yana riƙe da ita a ƙirji.

Matar ta ba ni kicin ɗinta na soya hanta. Baba ya ci yanka biyu, ya nemi na uku, na ce likita bai yarda ba, ya ce likita ba ya nan. Ya sa aka cire cinya guda aka ba su, ya ce haƙƙin maƙwabci ne.

Rana ta kusa faɗawa bayan dutse muka sa shi a mota. Tsohon ya sunkuyo ta taga suka yi musabaha, suka daɗe ba wanda ya saki. Sai Baba ya ce, "Uwata, ce masa ya bar wani baɗi."

Na san abin da ke cikin takardun asibitinsa, kuma na san shi ma ya sani. Na dai daure na faɗa. Tsohon ya dube ni, ya dubi Baba, ya ce zai bari.

Baba ya ce, "Ba nawa ba fa. Ni na gama nawa. Na mijinki ne, kuma shi zai zo ya dafa da hannunsa."

Maigida yana riƙe da sitiyari, ya ce, "To, Baba." Ya daɗe bai tayar da motar ba.

Baba ya rasu kafin ƙanƙara ta gama narkewa. Ana cikin zaman makoki waya ta yi ƙara, na ɗauka, tsohon ne. Bai ji labari ba tukuna. Ya ce tumaki sun fara haihuwa, ya ware guda uku, yaushe za mu zo mu zaɓa.